Masu shuka da ciki: yadda tsuntsaye, jemagu da baƙin dabbobi ke sauya dazukan tsibirai

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san wannan abin. Damina na yin nisa, sai ka ɗaga kai ka ga 'yar darbejiya ta leƙo daga bakin indararo, ko ceɗiya ta maƙale a tsagar katanga, can sama inda hannu ba ya kaiwa. A gidanmu akwai wata ceɗiya mai taurin kai da ke fitowa a kusurwar soro. Kowace shekara Kawu zai sa a kafa tsani a tumɓuke ta kafin saiwarta ta tsaga ginin, kowace shekara kuma wata ta maye gurbinta. Ina yaro na taɓa tambayarsa, "Kawu, wai wa yake hawa can ya shuka ta?" Sai da ya gama alwala tukuna ya nuna min gindin mangwaron ƙofar gida ya ce, "Je ka ga abin da jemagu suka bar mana jiya da daddare." Na je na tarar da ƙwallayen darbejiya birjik, an suɗe su tas, ga tuƙar 'ya'yan itace an tsotse an tofar, ga ɗige-ɗigen kashi baƙi-baƙi cike da ƙananan iri da ba su kai ƙwayar riɗi ba.

Abin da Kawu ya nuna min da ɗan yatsa, shi masana ke kwashe shekaru suna bin diddiginsa a tsibiran tsakiyar teku, domin a can ne ake ganin abin da ke faruwa da daji idan masu wannan aikin suka ƙare, ko wasu baƙi suka karɓe shi.

Bishiya ba ta da ƙafa, ɗanta kuma ba ya yin albarka a gindinta. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha. A wajen itatuwan daji abin ya fi haka, don ɗan da ya faɗi a gindin uwa inuwar ce ma ke kashe shi: ga rashin rana, ga ƙwari da fumfuna da suka saba da uwar sun yi sansani suna jiran 'ya'yanta. Masana biyu, Daniel Janzen da Joseph Connell, kowa da nasa aikin, sun yi bayanin haka a 1970 da 1971. Shi ya sa bishiya ke biya wa ɗanta kuɗin mota. Ta lulluɓe irin da zaƙi, ta ba shi launin da zai ja ido, mai ci ya haɗiye, ya yi gaba da shi, ya sauke shi nesa tare da ɗan taki. Cikin dabbar ma yana da nasa aikin, yana wanke naman da ke jikin irin, wanda in ya zauna shi ke jawo ruɓa, wani lokaci kuma yana sassauta taurin ɓawon. Makiyayi ba sai an gaya masa ba. Ya san gawo da bagaruwa sun fi fitowa a inda shanu da awaki suka yi makwanci, ya san akuya in tana tuƙa takan tofar da ƙwallon aduwa.

A ƙasa mai faɗi irin tamu 'yan dakon iri suna da yawa: biri, giwa, jemage, cilakowa, kurciyar gamji, shanu, har da ɗan Adam. In ɗaya ya ragu wani ya rufe masa. Tsibirin da aman wuta ya ɗago daga ƙarƙashin teku ba shi da wannan gatan. Babu mai isa gare shi sai wanda ya iya tashi sama ko ya jure yawo a kan ruwa, don haka dakon ya rataya a wuyan tsuntsaye da jemagu da ƙadangaru da kunkuru, su ma 'yan ƙalilan. An ga yadda abin ke farawa a Krakatau na Indunusiya, wanda amansa na 1883 ya babbake abin da ya rage na tsibirin ƙurmus. Da farko abin da iska da igiyar ruwa suka kawo ne ya fito. Daji bai kankama ba sai da tsuntsaye da jemagu suka fara sauke irin ɓaure da danginsa, ɓauren ya yi 'ya'ya, ya jawo ƙarin masu ci, su kuma kowa ya zo da guzurin wani irin a cikinsa.

Yadda abin ke ƙarewa kuma, sai a je Guwam. Tsibiri ne a yammacin Tekun Fasifik, ƙarƙashin mulkin Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji ruwan ƙasa mai hawan bishiya ya shigo a ɓoye cikin kayan soja. Tsuntsayen wurin ba su taɓa sanin maciji mai bin sheƙa da dare ba. Ya shanye ƙwai, ya haɗiye 'ya'ya, ya bi iyaye har kan reshen da suke kwana. An daɗe ana zargin cuta da maganin feshi kafin Julie Savidge ta nuna a 1987 cewa macijin ne. Cikin nau'o'i 12 na tsuntsayen dajin tsibirin, 10 sun ɓace daga dajin.

Wanda ya hango Guwam daga jirgin sama ba zai ga matsala ba, don dajin na nan kore shar. Sai ka shiga ciki za ka ji shirun ya yi yawa, ka riƙa share saƙar gizo daga fuskarka, saboda babu mai cin gizo-gizon. An taɓa ƙirgawa a damina aka ga saƙar ta ninka ta maƙwabtan tsibirai har sau 40. Haldre Rogers da abokan aikinta sun jera kwandunan tarar iri a ƙarƙashin bishiyoyi da nesa da su, a Guwam da kuma maƙwabtanta Saifan, Tiniyan da Rota, inda macijin bai kafu ba. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna a Guwam irin da ke wuce gindin uwa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, alhali a tsibiran da ke da tsuntsaye ya kai kashi 60. Irin da ya bi ta cikin tsuntsu kuma ya ninka wanda bai bi ba sau biyu zuwa huɗu wajen tsirowa. Da suka haɗa lissafin a kan bishiyoyi iri biyu da suka bibiya, sai suka ga sabbin tsirrai sun ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin ɗari. Macijin bai taɓa ɗanɗana ganye ko ɗan itace ba, amma ya yanke wa daji haihuwa. Yanzu har da jirgi mai saukar ungulu ake watsa matattun ɓeraye a saman bishiyoyi, kowanne da ƙwayar farasitamol a jikinsa, don maganin ciwon kan da muke saya a kemis guba ne ga wannan maciji.

Wani abin dariya a Guwam ɗin shi ne, cikin masu ɗan taɓa dakon iri yanzu har da aladun daji, su ma baƙi ne da mutane suka kawo. Da aka shuka kashinsu aka ga tsirrai sun fito, ciki har da gwanda. Barewar da aka kawo daga Filifin kuwa, wadda ido ya fi so, ita ce ke bi tana cinye ƙananan tsirrai. Tun daga nan mutum zai fara gane cewa kalmar "baƙo" kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba.

Hawai, tarin tsibiran Amurka da ke tsakiyar Fasifik, ita ce ta fi kowa nuna haka. Muna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A tsibirin Owahu, inda birnin Honolulu yake, raɓar ce ta zauna, kabar ta bushe. Tsuntsayen asali masu cin 'ya'yan itace sun ƙare a wurin, saboda sare daji da ɓeraye da kyanwoyi da cutar da sauro ya kawo. Har da tunku, wanda masu gonakin rake suka shigo da shi tsibiran a 1883 don ya kashe musu ɓera, aka manta cewa shi da rana yake farauta, ɓera kuwa sai dare. Garin neman ƙiba aka samo rama, tunku ya koma kan ƙwan tsuntsaye. A wannan tsakanin mutane suka yi ta sakin tsuntsayen waje don sha'awa ko don su ci ƙwari, kamar wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin zobe a ido da aka kawo daga Jafan a 1929. Jeferson Vizentin-Bugoni da tawagarsa sun tattara kashin tsuntsaye sama da dubu uku a dazukan Owahu, suka tsince iri sama da dubu ɗari, suka fitar da sakamakon a 2019. Dakon iri bai tsaya ba, yana tafiya a tsare kamar na kowane daji, amma masu yin sa duk baƙi ne, kuma galibin abin da suke ɗauka 'ya'yan baƙin tsirrai ne.

A nan ne zancen yake, kuma a tafin hannu ma za ka iya gwada shi. Ɗauki ƙwallon ɗinya guda, ka ɗauki ƙwayar gwaba guda, ka ajiye su gefe da gefe. Tsuntsun da bai kai kurciya ba zai haɗiye ta gwaba da 'yan uwanta goma bai ji ba, ƙwallon ɗinya kuwa sai dai ya tsattsage naman ya bar shi a inda ya same shi. Tsuntsu ba ya ɗaukar abin da ya fi faɗin bakinsa. Manyan tsuntsaye su ake fara rasawa a tsibiri, don su mafarauci ke gani, su ne masu jinkirin haihuwa, da yawansu ma ba sa tashi. Baƙin da ke maye gurbinsu yawanci ƙanana ne. Sai ya zama tsiro mai ƙananan iri da yawa, wanda yawanci shi ma baƙo ne daga lambun wani, ya samu motar kyauta zuwa kowane lungu, bishiyar gida mai babban ƙwallo kuma 'ya'yanta su ruɓe a gindinta. Hankakan Hawai, da suke kira alala, yana cikin 'yan kaɗan da bakinsu ke iya ɗaukar manyan iri, shi ma ya ƙare a daji tun 2002, sai waɗanda ake kiwo a keji; a ƙarshen 2024 aka saki guda biyar a tsibirin Mawi. A Niyu Zilan wata babbar kurciya da suke kira kereru kusan ita kaɗai ta rage mai haɗiye 'ya'yan wasu manyan itatuwansu. A tsibirin Tahiti na kudancin Fasifik kuwa wata bishiyar ado da aka kawo lambu a 1937, mai iri kamar ƙura, ƙananan tsuntsaye sun watsa ta har ta mamaye fiye da rabin dajin tsibirin.

Ɓera shi nasa daban ne, don ƙwayar irin yake gurgurewa. A tsibirin Falmira na tsakiyar Fasifik, da aka kawar da ɓeraye a 2011, ƙasan daji ya cika da sabbin tsirrai cikin 'yan shekaru. Sai dai kwakwa, wadda ita ma shuka ta aka yi can da daɗewa don kasuwanci, ta samu sarari ta nemi danne kowa, har sai da aka dawo ana sare ta.

Labarin da ya fi kowanne yawo a wannan fanni kuwa, ni ina ganin a riƙa ba da shi da taka-tsantsan. Na dodo ne. Ba dodon tatsuniya da ake tsorata yara da shi ba, wani ƙaton tsuntsu ne dangin tantabara, mara tashi, da ya rayu a tsibirin Morishus na Tekun Indiya. Turawan Holan sun fara ba da labarinsa a 1598, ganin ƙarshe da aka fi yarda da shi kuma a 1662 ne. A 1977 wani masani, Stanley Temple, ya ce akwai wata bishiya a tsibirin mai suna tambalakok, dangin kaɗanyarmu, da ta rage guda 13 kacal, duk tsofaffi, kuma wai ta daina haihuwa ne tun mutuwar dodo, don ƙwallonta ba ya fashewa sai ƙundun dodo ya goge shi. Ya ɗura wa talo-talo ƙwallaye 17, uku suka tsiro. Labari ya yi daɗi, ya shiga littattafan makaranta. Daga baya waɗanda suka san dajin suka nuna akwai ƙananan bishiyoyin da ba su kai shekarun ba, kuma ƙwallon na tsirowa ba tare da ƙundun kowa ba. Masu hana ta sakat suna nan da ransu: birai da aka kawo daga Asiya suna tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye, aladu da ɓeraye na bin na ƙasa, wata ƙaramar gwaba 'yar asalin Barazil kuma ta cunkushe ƙasan dajin ta hana tsiro numfashi. Ɗora laifi a kan tsuntsun da ya mutu shekara ɗari uku da suka wuce ya fi sauƙi a kan a shiga daji da adda ana cire gwaba.

A Morishus ɗin kuma aka yi gwajin da ya fi burge ni. Tsibirin na da manyan kunkuru nasa na asali, matuƙan jiragen ruwa suka cinye su, don kunkuru nama ne da ke daɗewa da rai a cikin jirgi ba ci ba sha. A wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke gaɓarsa, Il-o-Zegret, wanda bai wuce hekta 26 ba, akwai wata bishiya mai baƙin katako, 'yar ɗaki ɗaya da kanyar da muke ci, wadda 'ya'yanta ke zubewa a gindi babu mai ɗauka. A shekarar 2000 aka kawo manyan kunkuru daga Aldabra ta ƙasar Seshel aka sake su. Suka yi ta haɗiye 'ya'yan, suna tafiyarsu ta sannu, suna sauke irin a ko'ina. Binciken da Christine Griffiths ta jagoranta, wanda ya fito a 2011, ya nuna tsirran sun bazu a wuraren da da babu su, kuma bi ta cikin kunkuru na ƙara musu tsirowa. Baƙo ne shi ma, da gangan aka kawo shi, amma an auna bakinsa da cikinsa aka ga sun yi daidai da na mamacin. Kuma kunkuru ba ya ɓuya. In ya yi ɓarna, a rana ɗaya za a iya tattara shi, abin da ba mai iya yi da maciji ko ɓera.

Kada kuma a ɗauka ɗan gari ba ya laifi. A Galafagos na ƙasar Ekwado, manyan kunkurun tsibirin Santa Kuruz 'yan asali ne, suna hawa tudu da rani su sauko da damina. Gonakin mutane na kan tudun, gwaba ta cika su, kunkuru kuma na son gwaba. Abinci kan yi kusan mako biyu a cikinsa, kashi guda na ɗauke da ɗaruruwan iri. Haka yake kwaso gwabar daga gona ya kai ta tsakiyar gandun da aka killace don kare tsirran asali.

Kusa da gida ma akwai misali. Sawo Tome, tsibirin nan na Mashigin Gini da Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar haƙar mai a teku da shi a 2001, babu kowa a cikinsa sai da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470. Masu dakon irinsa na asali tsuntsaye ne da jemagu. Daga baya aka shigo da wani biri da ake samu a dazukan kudancin Najeriya, da tunkun jibda. A nan lissafin ya juye: baƙin sun fi 'yan gida faɗin baki, don haka manyan iri da da ba mai iya ɗaga su suka samu masu ɗauka, ciki har da na itatuwan da aka kawo gonaki. Abin da ya raba Sawo Tome da Owahu shi ne girman wanda ya tafi da girman wanda ya zo.

Na dawo kan jemage, don shi ne namu. Morishus ta taɓa samun manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace iri uku, ɗaya ya rage, kuma bayan dodo da kunkuru shi ne babban ɗan dakon da dajin ke da shi. Masu lambun mangwaro da wani ɗan itace mai suna lici suka yi kuka yana yi musu ɓarna, gwamnati ta ba da umarnin harbi a 2015, aka kashe kimanin dubu 30, aka kuma maimaita a shekarun baya. A 2018 aka sa shi a jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ban raina kukan mai lambu ba. Wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da mangwaronsa a ƙasa duk an gatsa ya san zafin. Amma raga a kan bishiya na tare jemage, harsashi kuwa har da dajin yake samu. Irin jemagen da ke fita garke-garke da magariba a biranen Afirka ta Yamma, mai wuya ruwan ƙasa-ƙasa, an ɗaura wa wasunsa na'ura a Akara ta Gana, binciken 2016 ya nuna yana iya kai ƙananan iri nisan kilomita 75. Daga Kano, wannan ya zarce Wudil da nisa.

Kano ba tsibiri ba ce, teku bai kewaye mu ba. Amma siminti da kwalta da intalok na yi wa bishiya abin da ruwan gishiri ke yi mata, irin da ya faɗa kansu ya tafi ke nan. Tsofaffin itatuwan da suka rage a maƙabartu da harabar makarantu da tsoffin gidajen gwamnati sun zama 'yan tsibirai, kowanne nesa da ɗan uwansa. Sunayen unguwanninmu na tuna mana abin da ke wurin da: Durumin Iya, Rimin Kira, Kurna, Ɗorayi. Wadda ta ci ribar zamanin ita ce darbejiya, baƙuwa daga Indiya, da ta shigo Arewa ta Borno wajen 1928. Ɗanta ƙarami ne, jemage na so, tsuntsu na so, akuya ba ta cika damun ganyenta ba saboda ɗaci. Ba na ƙin ta, don ban san yadda za mu yi da zafin watan Afrilu ba in babu inuwarta. Sai dai ka gwada wannan: zagaya unguwarku ka ƙirga 'yan darbejiyar da suka fito da kansu a bakin kwata da jikin katanga, sannan ka nemi ƙaramar kanya ko ɗinya guda ɗaya da ba ta kai tsayinka ba. Kanya da ɗinyar da muke ci yanzu daga ƙauye suke zuwa a buhu, yara su ɗora a faranti su kai bakin makaranta, a tsotse, ƙwallon ya ƙare a kwata.